Littafi, Jadawalin Kwamfuta ko Manhajar Waya: Ina Mai Ɗurin Harsashi Zai Ajiye Bayanansa?

A Amurka, inda sake ɗura harsashi ya zama abin sha'awa ga mafarauta da masu gasar harbi, mutum na iya ɗura na kansa ba tare da lasisin gwamnatin tarayya ba, muddin ba sayarwa zai yi ba. A Jamus sai ya yi kwas, ya sami izini a ƙarƙashin sashe na 27 na dokar abubuwa masu fashewa, kafin a sayar masa da albarushi. A Birtaniya ba ya samun faraima, wato hular da ke kunna albarushi, sai ya nuna takardar mallakar bindiga. A Najeriya kuwa dokar bindigogi ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi da kansa, saboda haka wannan bayani na waɗanda ke zaune ne a inda doka ta yarda da aikin.

Harsashi ɗaya abubuwa huɗu ne: kwanson tagulla, faraima (ƙaramar hular da ke gindin kwanso, wadda ke ba da tartsatsi idan an doke ta), albarushi, sai ƙwayar da ke fita. Mai ɗuri yakan tsince kwanson da ya harba, ya gyara shi, ya sa sabbin ukun. Yawan albarushin da zai zuba yana cikin littattafan kamfanoni irin su Hornady, Sierra, Speer, Nosler da Lyman, ko a shafukan Hodgdon da Vihtavuori, waɗanda suka gwada shi da na'urar auna matsin da ke tashi cikin bindiga bisa iyakar da masu tsara ƙa'idojin harsashi, SAAMI ta Amurka ko CIP ta Turai, suka gindaya. Daga can ake ɗauko adadi. Abin da waɗannan littattafan ba su da shi shi ne labarin bindigarka kai, da abin da ya faru a cikinta. Wannan kai za ka rubuta, kuma a nan ake rabuwa: wasu littafi, wasu jadawalin kwamfuta, wasu manhajar waya.

Ma'aunin da za a ɗora su a kai guda ne. Ka ɗauki harsashi ɗaya daga cikin akwati bayan shekara uku. Za ka iya bin sawunsa har zuwa gwangwanin albarushin da aka ɗebo masa? In tsarinka ya kasa wannan, duk kyansa ado ne.

Abin da tilas ya shiga rubutun

Kafin a zaɓi mazubi, a san abin da za a zuba. Kowane ɗuri yana bukatar lambarsa, alal misali R308-24-017, wato ɗuri na 17 na shekarar 2024 na harsashi nau'in .308 Winchester. Wannan lamba ita ce igiyar da ke ɗaure komai: tana kan akwati, tana cikin littafi, tana kan takardar saiti da aka harba.

Sai albarushi, da cikakken sunansa da sunan kamfaninsa. A nan ne gajarta rubutu ke yin ɓarna. Akwai IMR 4350, akwai H4350, akwai Accurate 4350, kuma ba a musanya adadin ɗaya da na ɗaya. Haka IMR 4895 da H4895, haka IMR 4831 da H4831. Wanda ya rubuta "4350" kawai ya bar wa kansa tarko. Bayan suna sai lambar zubin da ke jikin gwangwani, wato rukunin da kamfani ya sarrafa a lokaci ɗaya, domin zubi biyu na albarushi iri ɗaya kan ɗan bambanta wajen saurin ci, shi ya sa ake rage nauyin albarushi a sake hawa a hankali duk lokacin da aka buɗe sabon zubi. Lambar tana da wani amfanin: idan kamfani ya janye kaya daga kasuwa, kamar yadda aka taɓa janye IMR 4007 SSC, da rubutunka za ka san akwatunan da za ka ware.

Nauyin albarushi da na ƙwaya da giren ake auna su. Giren 7,000 ne laba ɗaya, giram ɗaya kuma giren 15.43. A rubuta sunan ma'aunin a cike, don gajerun alamomin giren da giram suna kama da juna, kuma bambancinsu ya wuce ninki 15. A gefen nauyin a rubuta inda aka samo shi: wane littafi, bugu na nawa, shafi na nawa, da mafi ƙanƙanta da mafi yawan da littafin ya yarda. Bugu yana da muhimmanci saboda kamfanoni kan sauya adadi idan sun sake gwaji.

Tsawon harsashi iri biyu ake aunawa, kuma mutane da yawa na cakuɗa su. Na farko daga gindin kwanso zuwa tsinin ƙwaya. Iyakar SAAMI ga .308 Winchester inci 2.810 ce, ga .223 Remington inci 2.260. Na biyu daga gindi zuwa kafaɗar ƙwaya, wurin da take fara taɓa tsagin cikin bututun bindiga, ana auna shi da wani ɗan ƙarfe mai rami da ake ɗaurawa a kan ma'aunin tsawo. Na biyun ya fi tsayawa wuri ɗaya, domin tsinin ƙwayoyi kan bambanta ko a kwali guda. Amma adadinsa na ɗan ƙarfen da aka yi awon ne: wani ƙarfen zai ba da wani adadi. A rubuta wane awo aka yi, da wane ƙarfe.

Kwanso shi ne abin da aka fi yi wa sakaci. Sunan da ke gindinsa, sau nawa aka harba shi, yaushe aka datse bakinsa, yaushe aka gasa wuyansa don ya yi laushi. Kwanson .308 yana miƙewa da harbi. Iyakarsa inci 2.015, akan datse shi zuwa 2.005. Na .223 iyakarsa 1.760, akan mayar da shi 1.750. Kwanson soja na 7.62, takwaran .308, irin na masana'antar Lake City ta Amurka, ya fi na kasuwa kauri, cikinsa ya fi ƙunci, saboda haka albarushin da ya zauna lafiya a na kasuwa zai ɗaga matsi a na soja.

Daga filin harbi kuma a zo da: wace bindiga, zafin rana, nisa, gudun kowace ƙwaya, faɗin tarin ramuka, da alamun matsi. Faraima ta baje? An ga tambon zagaye mai sheƙi a gindin kwanso? Sakatar bindiga ta yi tauri wajen ɗagawa? Ɗurin da aka gwada cikin sanyin Minesota zai iya nuna wani hali a zafin Arizona, kuma in ba a rubuta zafin ranar gwaji ba, ba a san abin da ake kwatantawa ba.

Littafi

Ƙarfin littafi shi ne ana rubuta shi a lokacin da hannu ke kan aiki. Sikeli ya nuna adadi, fensir ya ɗauka, babu wani mataki a tsakani. Ba ya bukatar caji, ba ya damuwa da hasken rana, kuma yana karɓar abin da babu gurbinsa a jadawali: zanen inda wuyan kwanso ya tsage, ko jimla kamar "faraima huɗu sun shiga ba tare da wani ƙarfi ba, an ware kwansonsu". Irin wannan jimlar ce ke gaya maka ramin faraima ya buɗe, alamar kwanson ya sha matsi ko ya tsufa.

Littafi mai ɗinki da fayil mai zobe ba ɗaya ba ne. Mai ɗinki yana tsare jerin kwanaki, ba a cire shafi ba a gane ba, amma bayanan bindiga ɗaya sukan warwatsu. Fayil mai zobe yana ba ka damar ware wa kowace bindiga sashenta, ka huda takardun saiti ka jera su a bayan shafin ɗurinsu. Matsalarsa shafi kan yage daga zobe ya ɓata, ko a cire shi a kai fili a manta da shi a mota. Lyman da MTM suna sayar da littattafai masu gurabe a shirye, waɗanda ke tuna wa sabon shiga abin da zai manta, sai dai gurbin sharhinsu ƙarami ne. Ga wanda ke harbi cikin ruwan sama akwai takardar Rite in the Rain, wadda ruwa ba ya ɓatawa. A yi rubutu da fensir ko tawadar da ba ta narkewa, domin man goge bindiga da ruwan wanke bututu suna cinye tawadar biro.

Doka ɗaya ta littafi: ba a goge kuskure. A ja masa layi ɗaya yadda zai karantu, a rubuta daidai a gefe, a sa kwanan wata. Adadin da aka gwada aka ga ya ɗaga matsi fiye da kima ya fi kowane cancantar zama a shafi, da jan alƙalami a kansa, don kada bayan shekara biyu a sake gwada shi da sunan sabon tunani.

Raunin littafi uku ne. Nema yana da wahala: tambaya kamar "waɗanne ɗuri na yi da wannan zubin faraima?" sai an bi shafi shafi. Lissafi da hannu ake yi. Kwafi ɗaya ne kuma, in ya jiƙe ko ya ɓata shi ke nan. Maganin na ukun mai sauƙi ne, a ɗauki hoton kowane shafi da ya cika. Akwai na huɗu da ba a cika faɗa ba, wato rubutun hannu: 1 da 7, ko 4 da 9, ko ɗigon da bai fito ba. A rubuta sifili kafin ɗigo, a sa wa 7 sanda a ciki.

Jadawalin kwamfuta

Excel, Google Sheets ko LibreOffice Calc, duk aikinsu ɗaya a nan. Inda suka yi wa littafi fintinkau shi ne lissafi da tacewa.

Ɗauki misalin harbi biyar da na'urar auna gudu ta ba da ƙafa 2610, 2622, 2615, 2631 da 2617 a daƙiƙa. Matsakaicinsu 2619. Tazarar mafi sauri da mafi jinkiri 21. Karkatar da ake kira SD kuwa, wato awon yadda gudun harbin ke warwatsuwa daga matsakaici, ta danganta da umarnin da ka ba jadawalin: STDEV.S zai ba ka kusan 8.0, STDEV.P zai ba ka kusan 7.1. Na farkon ne daidai, tun da harbi biyar samfuri ne daga ɗuri mai yawa. Wanda ya yi amfani da wannan yau, wancan gobe, zai ga ɗurinsa ya "inganta" alhali babu abin da ya sauya. Kuma jadawali ne ke fallasa abin da masu harbi ba sa son ji: SD na harbi uku ko biyar ba abin dogaro ba ne. Idan ka tara harbi 20 ko 30 na ɗuri ɗaya daga ranaku daban-daban, sau da yawa bambancin da kake murna da shi tsakanin ɗuri biyu sai ya narke. Da littafi kaɗai mutum ba zai yi wannan tarin ba, gajiya za ta hana shi.

Haka faɗin tarin ramuka. Kusurwar da ake kira MOA inci 1.047 ce a yadi 100, saboda haka jadawali zai mayar da awon yadi 100 da na yadi 300 zuwa ma'auni ɗaya, a kwatanta su kai tsaye. Wanda ke harbi a filin mita ya sa gurbin da ke nuna haka, don yadi 100 mita 91.44 ne.

Tsarin da ke aiki shafi uku ne. Na farko layi ɗaya ga kowane ɗuri. Na biyu layi ɗaya ga kowane harbi, da lambar ɗurinsa. Na uku na kwanso: kowane rukuni na 50 ko 100 da lambarsa da adadin harbinsa. Masu cusa komai a shafi ɗaya sukan ƙare da gurabe 40 da ba sa tacuwa. A sa sunayen albarushi cikin jerin zaɓi, yadda ba za a iya buga "4350" tsirara ba. A sa gurbin mafi yawan da littafin kamfani ya yarda, a umarci jadawalin ya rina layin ja idan nauyin da aka shigar ya haura shi. Ana iya ƙara lissafin kaya: in ɗuri na cin giren 40, gwangwanin laba ɗaya harsashi 175 zai yi, kuma idan gwangwani ya ƙare da wuri ko ya ƙi ƙarewa fiye da kima, to a binciki sikeli da duwatsun gwajinsa. Adadin harbin kowane bututu ma yana tara kansa, abin da ke bayyana dalilin da tsagin bututu ya ja baya har tsohon awon kafaɗa ya daina dacewa.

Amma jadawali yana da halin gyara abin da ba a sa shi ba. Ka buga .308, ya mayar 0.308. Ka buga sunan harsashi kamar 30-06 ko 7-08, yana iya ɗaukarsa kwanan wata. Lambar zubi mai farawa da sifili sai ya zubar da sifilin, mai tsawo kuma ya dunƙule ta. Tsawon 2.800 ya koma 2.8. A mayar da waɗannan guraben na rubutu tun kafin a shigar da komai, kuma dalilin sa harafi a farkon lambar ɗuri ke nan. Kwamfutar da aka saita da tsarin Jamus ko Faransa waƙafi take amfani da shi a madadin ɗigo, fayil ɗin da ya ratsa tsakanin tsarin biyu kan iya rikicewa.

Babban haɗarin dai kwafa ne. Kusan babu mai ajiye kwamfuta a kan teburin ɗuri, don haka adadin yakan bi ta ɗan guntun takarda ko ta ka kafin ya isa jadawali. A hanya 41.2 kan zama 42.1. A ƙaramar bindiga mai albarushi mai saurin ci, inda tazarar mafi ƙanƙanta da mafi yawan da ke littafin kamfani kan gaza giren ɗaya, irin wannan juyin lamba ya isa ya fitar da mutum daga iyaka. Ga kuma tacewar da aka yi wa gurbi ɗaya aka bar sauran, ta haɗa nauyin wannan ɗuri da albarushin wancan, cikin tsafta, ba tabon da zai ja ido. Kuskuren littafi yakan nuna kansa. Na jadawali fes yake fitowa. Google Sheets yana ajiye tarihin sauye-sauye, wanda ke taimakawa in an lura da wuri.

Manhajar waya

Manhajoji kala uku ne, kuma akan ɗauke su abu ɗaya. Akwai na kamfanoni, kamar Vihtavuori Reload, mai ɗauke da adadin albarushin kamfanin da wurin ajiye naka, da ta Hornady mai ɗauke da abin da ke littafinsu. Akwai na na'urorin auna gudu: Garmin Xero C1 Pro, wadda ta fito a 2023, tana tura harbi zuwa manhajar ShotView, LabRadar kuma tana rubuta nata a katin ajiya a fayil ɗin CSV, wanda jadawali ke iya buɗewa. Sai manhajojin ajiye bayanai da ɗaiɗaikun mutane ke rubutawa.

Kala na biyu ne ya fi amfani, domin yana kawar da kwafar gudu da hannu, kuma lambobin gudu su ne suka fi yawa. Sai dai na'urar ba ta san wane ɗuri aka harba ba. In ba a sa wa kowane zama lambar ɗurinsa nan take ba, bayan wata guda za a tarar da jerin zama 12 marasa suna.

Kala na uku yana da daɗin amfani, yana haɗa hoto da bayani wuri ɗaya, amma tambayar farko kafin a saka masa ko layi ɗaya ita ce: yana fitar da bayanai zuwa CSV? Bindiga kan yi shekara 40 a hannun mutum. Manhaja ba ta da wannan alkawarin. Mai ita zai iya daina sabunta ta, waya ta sauya, kuɗin wata-wata ya tashi. Ban da haka, gurabenta ƙayyadaddu ne, hannun da ya taɓa dalma da toka ba ya dacewa da fuskar wayar da za a kai bakin kunne, kuma sikelin lantarki kan yi rawa idan waya na kusa da shi.

QuickLOAD da Gordon's Reloading Tool ba sa cikin wannan sahu. Hasashe suke yi na matsi da gudu. Wanda ke amfani da su ya ware wa hasashen gurbinsa daban da sunansa a kai, kada ya zauna a gurbi ɗaya da abin da aka auna.

Wanne ga wa

Mafarauci mai bindiga ɗaya ko biyu, wanda ke ɗura harsashi 100 ko 200 a shekara, littafi mai ɗinki ya ishe shi, da hoton shafuka a waya. Jadawali a wurinsa aiki ne da zai fara ya watsar, kuma rubutun da aka yi rabi a nan rabi a can ya fi kowanne muni.

Mai gasar harbin nesa, wanda ke bin gudun ƙwaya da zafin rana da tsufan bututu, ba zai tsira ba tare da jadawali ba. Amma littafi ya zauna a kan tebur a matsayin asali: a rubuta a nan tukuna, a kwafa zuwa jadawali a ranar, a karanta adadin baya da baya a gwada da shafin. In biyun suka saɓa, maganar littafi ake bi. Kuma a ranar sabon ɗuri, a duba nauyin a littafi da kuma littafin kamfani kafin a saita sikeli, kada a ɗauko shi daga allon kwamfuta kaɗai.

Mai ƙaramar bindiga da ke ɗura ɗaruruwa a zama ɗaya da injin da ke juyawa, bayanansa kaɗan ne amma rukuninsa babba ne. Abin da ya fi bukata shi ne rubuta kowane tsaiko: inda faraima ta maƙale, inda aka dakata aka ƙara albarushi, inda aka janye kwanso aka mayar. A irin waɗannan wuraren ne ake samun kwanson da aka zuba wa albarushi sau biyu ko wanda ba a zuba masa ko kaɗan ba. Ya raba aikin ɗari-ɗari, kowane da lambarsa, don in an sami matsala a ware 100 maimakon 1,000. Littafi ne ya fi dacewa da wannan.

Manhaja kuwa a bar ta a matsayin mai kawo saƙo daga na'urar gudu zuwa jadawali.

Duk wanda aka zaɓa, takardar akwati ba ta cikin zaɓi. A manna ɗaya a waje, a jefa ɗaya a ciki, domin ta waje kan ɓare da zafi ko mai. A kanta: lambar ɗuri, kwanan wata, cikakken sunan albarushi da nauyinsa, ƙwaya da nauyinta, faraima, tsawo, da bindigar da aka yi wa ɗurin. Idan ana gwada nauyi daban-daban a akwati ɗaya, a rubuta lambar kowane a jikin kwansonsa da alƙalamin da ba ya gogewa, don akwati kan kife. A cire tsohuwar takarda kafin a sake cika akwatin. Ma'aunin albarushin da ke kan tebur ma a manna masa sunan abin da ke cikinsa, gwangwani ɗaya tak ya kasance a buɗe, a juye ragowar a mayar cikinsa da an gama. Akwatin da aka tarar babu takarda ba a harba shi: a zare ƙwayoyin, a ajiye su da kwanson, albarushin da ya fito kuma a zubar, tun da ba a gane irinsa da ido.